Yadda ake daidaita lokacin yankan ciyawa da harawa idan damina ta ƙi ɗaukewa

A karkarar Kano da Jigawa, abincin da dabba za ta rayu a kansa daga Disamba har zuwa faɗuwar sabon ruwa a watan Yuni ana tara shi ne cikin 'yan makonni kaɗan, tsakanin tsakiyar Satumba da ƙarshen Oktoba. A shekarar da ruwa ya ɗauke a kan kari, aikin ba ya buƙatar dogon tunani, domin zafin agazari yakan busar da duk abin da aka yanka cikin kwana biyu ko uku. Wahalar tana zuwa ne a shekarar da marka ta zarce watan Agusta, hadari ya ci gaba da haɗuwa har cikin Oktoba, ƙasa ta ƙoshi da ruwa, kamar yadda aka gani a 2022 da 2024 lokacin da ambaliya ta cinye gonaki da yawa a Jigawa. Manoman Turai da Amurka suna fama da irin wannan matsala a watannin Mayu da Yuni, wato lokacin yankansu na farko, mu kuwa tamu tana zuwa ne a wutsiyar damina, daidai lokacin da hannun kowa yake kan girbin gero da cirar gyaɗa.

Abin da ya kamata mai kiwo ya fara fahimta shi ne cewa a irin wannan shekara yana tsakanin asara biyu ne, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Idan ya yanka, ruwa yana iya dukan abin da ya shanya. Idan ya jira, ciyawa tana tsufa a tsaye, ganyen gyaɗa da na wake yana zubewa. Mafi yawan mutane sun fi tsoron asara ta farko saboda ido yana ganinta, harawa ta yi baƙi, ta yi wari, maƙwabta ma sun gani. Ta biyun ba a ganinta sai a watan Maris, lokacin da saniya take cin ingirici cikinta ya cika amma haƙarƙarinta yana fitowa. A ganina asarar jira ita ce mafi muni, domin tabbatacciya ce kuma kullum ƙaruwa take yi, alhali asarar ruwa akwai dabarun rage ta. Saboda haka duk abin da zai biyo baya an gina shi ne a kan shawara ɗaya: a yanka da wuri, a yanka kaɗan-kaɗan, kuma a ɗaga abin da aka yanka daga ƙasa da zarar an sami hali.

Ɗanyar ciyawa wadda ba ta fitar da kai ba takan ƙunshi furotin, wato sinadarin gina jiki, kimanin kashi 10 zuwa 12 cikin 100 na busasshen nauyinta. Wannan ciyawar idan aka bar ta ta zubar da iri ta bushe a tsaye, furotin ɗinta yakan sauka zuwa kashi 2 zuwa 4. Tumbin saniya da na tunkiya kuwa yana buƙatar abin da bai gaza kashi 7 ba kafin ƙananan halittun da ke narkar da abinci a cikinsa su yi aiki yadda ya kamata, kuma idan aka gaza haka dabba takan rage cin abinci, ta fara cin naman jikinta. Wannan ne dalilin da ya sa dami goma na ciyawar da aka yanka tana shar sun fi dami ashirin na wadda aka yanko bayan ta zama kara.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne sa'ad da ciyawa ta yi ciki, ko kuma kai ya fara leƙowa a kaɗan daga cikinta, kafin bununi ya fito. Kyasuwa da harƙiya sukan kai wannan matsayi a cikin Satumba, kuma kyasuwa musamman ba ta da haƙuri, da zarar kanta ya yi gashi sai ganyen ƙasa ya fara mutuwa. Gamba ta fi jinkirin fitar da kai, amma takan yi kauri da tauri tun kafin ta fitar, don haka wanda yake son ta don dabba kada ya jira ta kai tsawon da ake yankan ta don saƙar zana. Gambar zana daban, gambar ci daban, kuma yana da kyau a ware gefen da za a bari don zana tun farko, a yanke sauran tana kusan tsawon ƙugu. Gadagi, wanda masu doki suka san darajarsa, dangin wake ne, ana yankan sa yana cikin fure, a kuma lallaɓa shi kamar yadda ake lallaɓa harawa.

Sai maganar samun sararin yanka. Siririyar ciyawa irin harƙiya, idan aka baza ta ba kauri a rana mai ƙarfi, tana bushewa cikin kwana biyu. Mai kaurin kara irin gamba, da harawar wake da ta gyaɗa, sukan nemi kwana uku zuwa biyar idan iska tana da laima. A shekara mai ruwa ba kasafai ake samun kwana biyar a jere ba, amma kwana biyu zuwa uku ana samu sau da yawa a ƙarshen Satumba, kuma wannan ya isa a kai ciyawa matsayin da za a iya ɗaga ta a ƙarasa busar da ita a sama. Hukumar hasashen yanayi ta Nijeriya, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, inda take faɗin lokacin da ake sa ran ɗaukewar ruwa a kowace jiha, tana kuma fitar da hasashen kwana uku-uku wanda ake samu a waya, wasu gidajen rediyo ma suna karantawa. Wannan na kwana ukun shi ne mai amfani ga mai yanka. A haɗa shi da abin da manya suka sani: hadarinmu daga gabas yake tasowa, yawancinsa da yamma ko cikin dare yake sauka, kuma idan iska ta fara juyawa tana busowa daga arewa maso gabas, safiya ta yi sanyi-sanyi, raɓa ta yi yawa, to ruwa ya kusa tafiya. A kuma tuna cewa ruwa yana fara ɗaukewa ne daga arewa, saboda haka mutumin Maigatari ko Ɓaɓura ko Gumel yakan riga na Tudun Wada ko Doguwa ko Gwaram samun sarari, kuma bai kamata na kudu ya ɗauki lauje don kawai ya ji 'yan'uwansa na arewa sun fara ba.

Ranar da ta fi kyau a fara yanka ita ce washegarin ruwa mai ƙarfi idan gari ya waye tas, da sharaɗin ƙasar ta tsane. A jigawa mai yashi wannan ba ya ɗaukar lokaci, amma a ƙasa mai laka gara a ƙara kwana ɗaya, domin ciyawar da aka shimfiɗa a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa tana shan laima ta ƙasa fiye da yadda rana take busar da ita ta sama. Kada a yanka da asuba raɓa tana jiki, a bari sai hantsi. A bar kimanin santimita 10 zuwa 15 na gindin ciyawar a tsaye, saboda wannan kututturen yana tallafe abin da aka yanka iska ta riƙa ratsawa ta ƙarƙashi, yana hana yashi shiga, kuma gamba tana saurin tohowa idan ba a aske ta ƙasa-ƙasa ba.

Muhimmin abu a nan shi ne yawan abin da za a yanka a rana ɗaya. Ma'aunin ba ƙarfin masu yanka ba ne, ƙarfin masu kwashewa ne. Magidanci ya tambayi kansa: idan hadari ya taso da la'asar, ni da yarana da amalanke ɗaya, dami nawa za mu iya tattarawa mu rufe cikin awa guda? Abin da amsar ta ba shi, shi zai yanka, ba ƙari. Na sha ganin an tara gayya an kwantar da fili guda cikin yini ɗaya, sannan ruwan dare biyu ya mayar da shi taki. Wanda ya raba filinsa kashi huɗu ya yanka kashi ɗaya a kowane sarari, ko ruwa ya kama shi, rubu'i ne ya taɓu.

Bayan an yanka, a baza ta da faɗi, a juya ta da manjagara ko sanda sau ɗaya ko biyu a yinin farko. Dalilin gaggawar shi ne ciyawa ba ta mutuwa da zarar an yanke ta. Ɗanya tana ɗauke da ruwa kashi 75 zuwa 80 cikin 100, kuma tana ci gaba da numfashi tana ƙona sukarin jikinta har sai ruwan ya sauka zuwa wajen kashi 40, don haka duk awar da aka rage a wannan zango riba ce. Da yamma a tattara ta layi-layi ko tsibi-tsibi don raɓa ta taɓa saman kawai, da hantsi a sake bazawa.

Ba kowane ruwa ne yake ɓarna iri ɗaya ba, kuma sanin wannan yana rage firgita. Ruwan da ya sauka 'yan awoyi bayan yanka, ciyawa tana ɗanya, ɓarnarsa kaɗan ce, domin ƙwayoyin ganyen suna nan a rufe. Ruwan da ya sami ciyawa ta kusa bushewa shi ne mugu, yana wanke sukari da sauran abubuwan da ke narkewa, ya bar dusar kara. Haka nan yayyafin da ya wuni yana zuba ya fi ruwa mai ƙarfi na rabin awa lahani. Abin da wannan yake nufi a aikace shi ne, idan hadari ya taso kuma akwai shanya iri biyu a fili, a fara ceton wadda ta kwana biyu, a bar ta yau. Idan kuma ruwa ya riga ya doke ta, kada a tara ta a jiƙe, a jira saman ya tsane, a juya ta zuwa busasshen wuri, a baza.

Dabarar da ta fi kowace amfani a shekara mai ruwa, kuma ba ta cin kuɗi, ita ce shanya a kan itace. A sami sanduna uku masu tsawon kamar mita 2, a ɗaure kawunansu, a buɗe ƙafafunsu, a gicciya wasu sanduna a kewaye kimanin rabin mita daga ƙasa. A ɗora ciyawar da ta yi yini ɗaya ko biyu tana yaushi, a fara daga ƙasa ana hawa, a bar tsakiyar a buɗe kamar ɗakin bukka don iska ta shiga ta ƙasa ta fita ta sama, a ƙarshe a yi wa kan hula da tsohon buhu ko guntun leda. Ruwa yakan zame ta gefe, abin da zai ɓaci bai wuce fatar waje ba, cikin kuwa yana ƙarasa bushewa a hankali da korensa. Manoman ƙasashe masu yawan ruwa a arewacin Turai sun daɗe suna amfani da ita. Mu ma ba baƙuwa ba ce a wurinmu, domin wanda yake ɗora harawa a cokalin bishiya ko a kan rumfa hikimar ke nan yake bi, bambancin kawai shi ne a tanadi sandunan tun cikin Agusta, tunda ba a fafe gora ranar tafiya.

Harawar gyaɗa tana da nata hukuncin, domin a nan 'ya'yan ne suke yanke lokaci. Ana gane gyaɗa ta nuna idan aka tuge 'yan gindi aka fasa kwanso aka ga cikin ɓawon ya yi duhu a kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na 'ya'yan. Irin da ke saurin nuna, kamar SAMNUT 24 da aka fitar daga cibiyar binciken noma ta Samaru, wanda yake nuna cikin kwana 80 zuwa 90, idan an shuka shi a ƙarshen Yuni zai iso ne a tsakiyar Satumba zuwa ƙarshenta, ruwa bai tafi ba. Jira a nan kuskure ne ta fuska biyu. Yawancin gyaɗa mai saurin nuna takan tsiro a cikin ƙasa idan ta nuna kuma laima ta same ta, sannan cutar ɗigon ganye, wadda take yaɗuwa sosai a shekara mai laima, tana kakkaɓe ganyen cikin mako ɗaya ko biyu ta bar tsirarun rassa. A cire ta idan ta nuna, a kakkaɓe ƙasar, a kife ta a kan kunya 'ya'yan suna kallon sama, ko a jera ta a kan sandunan nan uku 'ya'yan suna ciki ganyen yana waje. Wanda yake son harawa mai kyau ya tsinke 'ya'yan da hannu, domin bugu da sanda yana farfasa ganye, ganye kuwa shi ne harawar.

Wake ya fi sauƙi ta wani ɓangare. Kanannado da sauran masu yaɗo ba sa fure sai rana ta fara gajarta, saboda haka harawarsu takan iso bayan ruwa ya ɗauke, sai dai a shekarar da ruwanta ya wuce misali. Matsalar tana ga wake mai saurin nuna da ire-iren da cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, wato IITA, ta inganta don a sami ƙwaya da harawa tare. A irin waɗannan, a yi roro sau biyu, sannan a yanke harawar tun ganyen yana kore, ko da akwai sauran 'yan kwanson da ba su ƙosa ba, domin abin da za a samu a roro na uku ba ya biyan ganyen da zai zube kafin nan. Idan an yi feshin maganin ƙwari, a duba kwanakin jira da aka rubuta a jikin kwalbar, kada a yanka wa dabba kafin su cika. Naɗin harawar wake kuma da sassafe ake yin sa ko da yamma lis, lokacin da ganyen ya ɗan yi laushi, saboda wanda ya naɗe ta da tsakar rana rabin dukiyarsa a gona zai bar ta. Harawa mai ganye tana ɗauke da furotin da ya ninka na busasshiyar ciyawar daji sau uku ko fiye, shi ya sa masu kiwon ragunan layya suke neman ta ido rufe, musamman a waɗannan shekaru da Babbar Salla take faɗowa a ƙarshen rani, lokacin da abincin dabba ya fi tsada.

Kafin a kai komai ma'ajiya sai an tabbatar ya bushe, kuma abin da ake nema shi ne ruwan jikinsa ya sauka zuwa kimanin kashi 15 cikin 100. A zaro daga tsakiyar tsibi, ba daga sama ba, a murɗa da hannu biyu. Idan ya yi ƙara, wasu karare suka karye, babu danshi a tafin hannu, ya yi. Idan ya murɗu kamar igiya, da saura. Ga harawa, a kankare karan da farce, idan fatar ta saɓule to akwai ruwa a ciki ko da ganyen ya bushe ƙayau, kuma wannan shi ne tarkon da ya fi kama mutane, domin ganye yana riga kara bushewa da kwana ɗaya ko biyu. Mai son ƙarin tabbaci ya yayyanka kaɗan ya zuba a busasshiyar kwalba tare da cokali ɗaya na busasshen gishiri, ya rufe ya girgiza, ya bar ta 'yan mintoci. Idan gishirin ya dunƙule ko ya manne a jikin kwalbar, a mayar da shanya.

Ajiyar da aka yi da sauran danshi tana haifar da fumfuna da zafi. Fumfunar da ke kama gyaɗa tana iya samar da gubar afalatoksin, wadda take lalata hantar dabba kuma take bi ta cikin nono ta isa ga yaran gida, don haka harawar da ta yi fari-fari ko kore-kore a ciki, ko take tayar da ƙura mai wari idan an girgiza ta, ba ta dace da saniyar tatsa ba ko kaɗan. Zafin kuma yana iya kai babban tsibi ga kamawa da wuta da kansa, yawanci cikin makonni 2 zuwa 6 na farko. A riƙa soka dogon ƙarfe cikin tsibin a bar shi minti goma, idan aka zaro shi hannu ya kasa riƙewa, a warware tsibin a hankali da ruwa a kusa. Barbaɗa gishiri yana sa dabba ta ci da marmari, amma ba ya ceton harawar da aka ajiye a jiƙe. A ɗora ajiya a kan dandamalin itace ko duwatsu saboda gara da laima, a rufe sama kawai, a bar gefe yana shan iska, kuma kada a lulluɓe ta da leda ruf, domin gumin da take fitarwa zai koma mata. Harawar da aka ɗora a kan soro tun ruwa bai gama ba tana buƙatar rufi, kuma ko bayan ruwa, ranar rani tana cin korenta, saboda haka inuwa ta fi mata.

Idan mako ya zagayo babu ko kwana biyu na rana, kuma ciyawa tana neman wucewa, akwai mafita ta tsima ta, abin da malaman gona suke kira sailej. Wannan ba ya buƙatar bushewa, yaushin rabin yini ya isa, yadda idan aka matse yankakkiyar a hannu ruwa ba zai ɗiga ba amma za ta dunƙule. A yayyanka ta gajeru kamar santimita 2 zuwa 3, a barbaɗa dusar masara ko ta dawa, a danna ta sosai a cikin durom ko leda mai kauri ko rami a kan tudu inda ruwa ba ya kwanciya, a rufe yadda iska ba za ta shiga ba, a bar ta aƙalla kwana 21. Mai kyau takan fito da ƙanshi mai tsami-tsami da launin kore mai ruwan ɗorawa. Ɗanyen karan masara ya fi kowa karɓar wannan aiki, harawa ita kaɗai kuwa ba ta tsimuwa da kyau sai an gauraya ta. Wanda bai taɓa yi ba ya fara da durom ɗaya, ya kuma nemi malamin gona na KNARDA ko JARDA, wato hukumomin bunƙasa noma na Kano da Jigawa, ya duba masa.

Mutanen fadama, musamman na bakin kogin Haɗejiya daga Ringim zuwa Auyo, suna da ƙarin abin lura. Burgu abinci ne mai kyau, amma ciyawar da ambaliya ta kwanta a kanta takan fito da laka a jiki, kuma wuraren da ruwa ya daɗe su ne matattarar dodon koɗin da ke yaɗa tsutsar hanta. A bari ruwan sama ya wanke lakar ko sabon toho ya fito, a yanka sama da inda ruwa ya tsaya, a busar da ita sosai, a kuma ajiye ta 'yan watanni kafin a fara bayarwa. Haka nan gyauron dawa, wanda yake fitowa da yawa idan ruwa ya zarce bayan girbi, yana da guba yana ƙarami, kada a saki dabba a kansa ko a yanko mata shi ɗanye kafin ya wuce santimita 60.

A ƙarshen irin wannan kaka za a tarar abin da aka tara ba darajarsa ɗaya ba, kuma bai kamata a cakuɗa shi ba. Ciyawa ko harawar da ba ta ga ruwa ba, mai kore da ganye, a ajiye ta can ciki don watannin Afrilu da Mayu, a ba masu ciki da masu shayarwa da dabbobin turke. Wadda ruwa ya doka sau ɗaya amma ta bushe ba wari, a fara da ita tun Disamba, a haɗa wa shanun huɗa da manyan dabbobi da ɗan dusa ko ƙuli. Wadda ta yi baƙi ta yi fumfuna kuwa a zuba ta a ramin taki, a kai ta gona kafin shuka.